Gashin sankarar cikin ido: Abin da yake cetowa da abin da yake tafiya da shi

A watan Disamban 2005, Dakta Oliver Sacks, fitaccen likitan ƙwaƙwalwa kuma marubuci haifaffen Landan da ke zaune a New York, ya shiga gidan sinima. Da aka kashe fitilu sai ya lura da wani haske yana ƙyalƙyali a idonsa na dama, ga kuma wani gurbi da ba ya ganin komai a cikinsa. Da likitan ido ya leƙa, sai ya tarar da ƙari a can bayan ƙwayar idon, irin sankarar da ake kira melanoma. An yi masa gashi, daga baya aka ƙara da hasken leza. Ƙwayar idon ta tsira, amma ganinta ya yi ta raguwa har ya ƙare. Bayan shekara tara, a farkon 2015, aka gano cutar ta ɓulla a hantarsa. Ya rasu ranar 30 ga Agustan wannan shekarar yana da shekara 82.

Mai karatu, labarin mutumin nan ya tattara abubuwa uku da duk wanda aka ce yana da wannan cuta ya kamata ya sani: gashi yana kashe ƙarin da ke cikin ido, gashin yana iya cin gani sannu a hankali, sannan warkewar ido ba ita ce ƙarshen zance ba. Su za mu warware maka ɗaya bayan ɗaya a wannan makon.

Wace cuta ce wannan?

A jikinka akwai ƙwayoyin halitta masu sarrafa launi, su ne suke ba fata da suma baƙinsu. Irinsu suna nan a cikin ido, a wani tantani mai yawan hanyoyin jini da ke tsakanin farin ido da tantanin gani na can ciki, wanda likitoci ke kira ratina. Idan waɗannan ƙwayoyi suka kangare suka shiga hayayyafa babu ƙa'ida, sai su zama melanoma. Kusan tara cikin goma na irin wannan ƙari a bayan ido yake tsirowa, inda ba za ka gan shi a madubi ba. Sauran kan fito a baƙin ido ko a zoben naman da ke bayansa.

Ita ce sankarar da ta fi kowace tsirowa daga cikin idon manya, amma duk da haka ba ta da yawa. A Amurka kimanin mutum biyar cikin miliyan ɗaya ke kamuwa a shekara, akasarinsu fararen fata masu shuɗin ido ko kore, 'yan wajen shekara 60. A tsakanin baƙaƙen fata ta yi ƙaranci nesa ba kusa ba. Wannan abin farin ciki ne, sai dai yana da tarko: cutar da ba a saba gani ba, ba a saurin zarginta, don haka wanda ta kama a cikinmu yana iya daɗewa ana ba shi maganin ɗigawa alhali ƙari yana girma.

Kada ka firgita da kowane tabo. Ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da ke kan farin idon yawancinmu, musamman a kewayen baƙin ido, launin jiki ne kawai. Abin da ke buƙatar likita shi ne tabon da ke ƙara faɗi ko tudu, ko gani ya dushe a ido ɗaya, ko walƙiya-walƙiya, ko wata inuwa ta tare gefe guda kamar an ja labule, ko layin da yake a miƙe ka riƙa ganinsa a lanƙwashe. Wanda aka haifa da shuɗi-shuɗin tabo a farin ido da fatar da ke kewaye da shi ya fi sauran mutane haɗari, ya kamata a riƙa duba shi duk shekara. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar ba sa jin komai, a wajen gwajin tabarau ko duba idon mai ciwon suga ake tsintar ta.

Gano ta ba ya buƙatar yanka. Likita zai ɗiga maka maganin da ke buɗe tsakiyar baƙin ido, ya leƙa da fitila, sannan a yi wa idon sikanin a auna tudun ƙarin da faɗinsa da milimita. A hannun ƙwararre, wannan ya isa a gane cutar fiye da sau 99 cikin 100.

A cire ido ko a gasa?

Shekaru da dama magani ɗaya ne, a cire ƙwayar idon gaba ɗaya. A 1930 wani likitan ido a Landan, Foster Moore, ya cusa ɗan ƙwayar sinadarin radon a cikin irin wannan ƙari don ya ceci idon. Daga baya Hyla Stallard, shi ma a Landan, ya ɓullo da faifan sinadarin kobal da ake ɗinkewa a bayan ido. A shekarun 1960 Peter Lommatzsch a Jamus ya kawo faifan rutiniyom-106, sannan a shekarun 1970 likitocin birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suna cikin na farko da suka yi amfani da ayodin-125 a ido.

Amma tambaya ɗaya ta hana kowa sukuni: idan aka bar idon a wurinsa, ba a bar wa cutar ƙofar yaɗuwa ba? Don a raba gardama aka yi babban bincike a Amurka da Kanada, wanda aka fi sani da COMS. Daga 1987 zuwa 1998 an ɗauki majinyata 1,317 masu matsakaicin ƙari, wato mai tudun milimita 2.5 zuwa 10 da faɗin da bai wuce milimita 16 ba. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: 660 aka cire musu ido, 657 aka sa musu faifan ayodin-125. Da sakamako ya fito a 2001, bayan shekara biyar kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka cire wa ido suna raye, na ɓangaren gashi kuma kashi 82. Da aka ci gaba da bibiya har shekara 12, nan ma ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba.

Ma'anar wannan a gare ka ita ce, ga ƙari matsakaici, cire ido ba ya ƙara wa mutum damar tsira a kan gashi. Tun daga nan gashi ya zama maganin da aka fi yi a ƙasashen da suke da kayan aikinsa.

Yadda ake yin gashin

Kalmar gashi tana tsorata mutane, wasu suna zaton wuta ce ko ƙarfe mai zafi. Babu wuta a ciki. Wani haske ne mai ratsa nama wanda ido ba ya gani, jiki ba ya jin ɗuminsa, yana lalata ƙwayoyin sankara ta yadda ba za su ƙara hayayyafa ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta faifai. Ɗan kasko ne na zinare, bai kai murfin kwalbar lemo ba, a cikinsa an jera 'yan ƙwayoyin ayodin-125 masu girman ƙwayar shinkafa. Zinaren yana tare hasken daga fita baya, sai ya tura shi gaba zuwa ga ƙarin. A ɗakin tiyata, bayan allurar barci ko ta kashe zafi, likita zai ɗinke faifan a jikin farin ido ta waje, daidai saitin gindin ƙarin. Ba a ciro ƙwayar ido daga raminta, kamar yadda wasu ke faɗa, amma wani lokaci akan kwance ɗaya daga cikin naman da ke juya ido don faifan ya zauna, a mayar da shi daga baya. Faifan yana zama kwana uku zuwa bakwai, sannan a koma tiyata a cire shi. Masu lissafin gashi ne ke ƙididdige awannin, don ƙololuwar ƙarin ta samu adadin da ake so, wanda a tsarin COMS ya kai 85 a ma'aunin Gray.

Faifan rutiniyom-106, wanda aka fi amfani da shi a Turai, haskensa ba ya nisa. Ya dace da ƙari mara tudu sosai, wanda bai wuce milimita biyar zuwa shida ba, kuma ɓarnarsa ga sassan ido na nesa ba ta kai ta ayodin ba.

Hanya ta biyu ita ce ta furoton, wadda aka fara amfani da ita ga wannan cuta a Boston a 1975 ƙarƙashin Dakta Evangelos Gragoudas. A nan ana ɗinka 'yan zobban ƙarfe a bayan ido don su nuna iyakar ƙarin, sannan majinyaci ya zauna a kujera, a riƙe kansa da abin rufe fuska, ya zuba wa wata 'yar fitila ido, a harba hasken na kamar minti ɗaya. Ana maimaitawa kwana huɗu ko biyar. Amfanin furoton shi ne yana sauke ƙarfinsa a zurfin da aka auna masa ya tsaya nan, shi ya sa ake zaɓarsa ga babban ƙari ko wanda ya matso kusa da jijiyar gani. Injinsa yana da tsadar gaske, cibiyoyinsa kaɗan ne a duniya, kamar ta Clatterbridge a Ingila da ke wannan aiki tun 1989. Akwai kuma injina irin su Gamma Knife da CyberKnife da wasu asibitoci ke amfani da su.

Iyali su kwantar da hankalinsu. Muddin faifai yana jikin ido, akan ce yara da masu juna biyu su ɗan nisanci majinyaci. Da zarar an cire shi, babu sauran komai a jikinsa, zai ci abinci a kwano ɗaya da kowa, ya ɗauki jikokinsa. Haka kuma kada a zaci ƙarin zai ɓace nan take. Yana motsewa ne a hankali cikin watanni har shekaru, galibi ya bar tabo. Abin da likita ke nema shi ne ya daina girma.

Me ake samu?

Ta fuskar kashe ƙarin, gashi yana aiki ƙwarai. A binciken COMS, kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ƙarin ya sake girma a idonsa cikin shekara biyar, kuma cibiyoyin furoton suna samun nasarar da ta kai kashi 95 cikin 100 ko fiye. Ta fuskar tsirar ƙwayar ido, kashi 12.5 cikin 100 na waɗanda aka sa wa faifai a COMS sai da aka cire musu idon cikin shekara biyar, ko don ƙarin ya dawo ko don ciwo ya hana su sakat. Sauran, wato kusan bakwai cikin takwas, sun riƙe idonsu.

Ta fuskar gani kuwa labarin ya sha bamban, kuma nan ne aka fi samun rashin fahimta tsakanin likita da majinyaci. Bayan shekara uku da gashi, kashi 43 cikin 100 na idanun da aka yi wa magani a COMS ba sa iya karanta abin da ya wuce babban harafin saman allon gwaji. Wato abin da lafiyayyen ido ke hangowa daga nisan mita 60, sai sun matso mita shida. Waɗanda suka fi shiga wannan hali su ne masu ƙari mai tudu, da waɗanda ƙarinsu ke kusa da tsakiyar ratina ko jijiyar gani, da masu ciwon suga. Saboda haka idan likita ya ce maka za a ceci idon, ka tambaye shi kai tsaye: ƙwayar idon ko ganin?

Illolin da ke biyo baya

A makonnin farko ido yakan yi ja, ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. Wasu sukan riƙa ganin abu bibbiyu saboda naman da aka taɓa, yawanci kuma yakan daidaita. Gashin furoton, da yake ta gaba yake shiga, yana iya zubar da gashin fatar ido, ya bar bushewar ido ko yawan hawaye.

Manyan illolin a makare suke zuwa. Ta farko ita ce yanar ido. A COMS, fiye da kashi 80 cikin 100 sun samu yana cikin shekara biyar. Ita ce mafi sauƙi, domin tiyatar yana da aka saba yi tana maganinta. Sai dai kada a kuskura a kai irin wannan ido wurin masu ture yana da tsinke a kasuwa.

Ta biyu ita ce lalacewar ratina. Hasken da ya kashe ƙarin yana raunana ƙananan hanyoyin jinin da ke kewaye, sai su fara yoyo ko su toshe. Yawanci takan bayyana bayan shekara ɗaya zuwa uku, lokacin da mutum ya saki jiki yana ganin ya warke. Alamarta dushewar gani da lanƙwashewar rubutu. Ana rage ta da allurar da ake yi a cikin ƙwayar ido, kamar Avastin, ko da leza. Allurar ba sau ɗaya ba ce, ana maimaita ta duk bayan wata ɗaya zuwa 'yan watanni, wani lokaci na shekaru, kuma ta fi amfani idan an fara da wuri.

Ta uku ita ce lalacewar jijiyar gani, wadda ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ta samu hasken da ya fi ƙarfinta, gani yana iya faɗuwa cikin ƙanƙanin lokaci, kuma da wuya ya dawo.

Ta huɗu, wadda ta fi azaba, ita ce wani nau'in hawan jinin ido. Ratinar da jini ya daina isa gare ta takan sa wasu sababbin hanyoyin jini marasa ƙwari su tsiro a kan baƙin ido, su toshe magudanar ruwan ido. Ido ya yi tauri, ya yi ja, ciwo ya kama rabin kai. Tana cikin manyan dalilan cire ido bayan gashi. Wanda ya ji haka ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira ranar da aka ba shi.

Ciwon suga da hawan jini suna ƙara wa waɗannan illoli ƙarfi, domin su ma hanyoyin jinin nan suke ci. Wanda aka yi wa gashi ya riƙe maganinsu da hannu bibbiyu.

Hanta ce abin lura

Ko an cire ido ko an gasa, kusan rabin masu wannan cuta a ƙarshe takan ɓulla musu a wani sashe na jiki, kuma tara cikin goma a hanta. Ta jini take tafiya, kuma masana suna ganin 'yan ƙwayoyinta kan fice tun kafin a gano ƙarin, su kwanta shiru na shekaru. Abin da ya faru da Dakta Sacks ke nan. Haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowa. Ƙaramin ƙari ya fi babba sauƙi nesa, sannan gwajin ɗan tsokar da aka zuƙo da allura yana nuna ko ƙarin ya rasa kwafi ɗaya na ƙullin gado na uku, alamar da ke nuna mai saurin yaɗuwa ne.

Shi ya sa ake son a riƙa yi wa hanta sikanin ko hoton MRI duk wata shida ko duk shekara, gwargwadon haɗarin mutum, ko da yana jin garau. A Janairun 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin Kimmtrak, na farko da aka tabbatar yana tsawaita rai bayan cutar ta yaɗu. A gwajin mutum 378, kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka ba shi suna raye bayan shekara ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 59. Amma ba ya warkarwa, yana da tsada ƙwarai, kuma yana aiki ne kawai ga masu wata alamar gado da ke jikin kusan rabin Turawa, wadda ba ta kai haka yawa ba a tsakanin 'yan Afirka.

Idan abin ya zo gidanka

Matakin farko shi ne likitan ido na babban asibiti, ba kemis ba, ba mai tallar tabarau ba. Mazauna Legas suna da Asibitin Koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, na Ibadan suna da UCH, na Abuja suna da Asibitin Ƙasa, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ka sani cewa injinan gashin da ake amfani da su ga sankarar mama ko ta bakin mahaifa aikinsu daban ne da faifan ido. Melanoma tana da taurin kai, tana buƙatar haske mai yawa a ɗan ƙanƙanin wuri, don haka kasancewar asibiti yana da injin gashi ba ya nufin yana yin wannan aiki. Ka tambaya ƙarara.

Idan shawara ta kai ga fita waje, kafin a sayar da fili ko shago a samu amsar waɗannan: Milimita nawa ne tudun ƙarin da faɗinsa? Yaya kusancinsa da jijiyar gani? Wane gani ake sa ran zai rage bayan shekara uku? An duba hanta kafin a fara? Wa zai ci gaba da duba idon idan an dawo gida, kuma yana yin allurar cikin ido? A lissafa kuɗin bibiya tare da kuɗin aikin, domin jinyar kwana bakwai ce amma bibiyarta ta tsawon rai ce. A dawo da kwafin hotunan ido da takardar da ta nuna irin faifan da adadin hasken da aka bayar.

Kada kuma a ɗauki cire ido a matsayin faɗuwa. Idan ƙari ya cika ido, ko ya fasa ya fito waje, ko ido ya riga ya makance yana ciwo, ko babu halin zuwa bibiya akai-akai, cire shi ne ya fi alheri. Bayan kamar mako shida ana sa idon roba da aka daidaita launinsa da ɗan uwansa. Da farko mutum zai sha wahalar auna nisa, ya zuba shayi a gefen kofi ko ya yi tuntuɓe a matakala, amma ƙwaƙwalwa tana sabawa cikin watanni. Ya riƙa sa tabarau mara fashewa don kare idon da ya rage. Binciken COMS ma ya nuna cewa waɗanda aka bar wa idonsu sun fi jin daɗin tuƙi a shekaru biyun farko, amma sun fi zama cikin fargaba.

Abin da yake hannunka tun yau ƙarami ne. Ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka dubi ƙofar ɗakinka, sannan ka sauya. Ido biyu suna rufa wa juna asiri, mutum yana iya rasa rabin ganin ɗaya bai sani ba. Idan ka ga bambanci, ko ka haura shekara 40 ba a taɓa buɗe idonka da maganin ɗigawa an leƙa bayansa ba, ka je a duba. Ƙarin da aka kama yana milimita uku da wanda aka kama yana milimita 12 ba maganinsu ɗaya ba, ba kuma makomarsu ɗaya ba.